Garemanin Mikaila

Mikaila ne maƙeri na ƙarshe a Bawku da yake narka tama da kansa. Ƙarfensa mai laushi ne, garmarsa takan lanƙwashe a miƙe ta, amma ba ta karyewa. Da wannan aka san gidansu tun kakansa, shi ma ba shi da abin alfaharin da ya wuce wannan. Kuma ya iya alfaharin, Allah ya sani.

Sai motoci suka fara hawowa daga Salaga, suna zubar da karyayyun sifirin, ƙarafan nan na ƙarƙashin mota, a hanya. Maƙeran Yendi suka tsince su, suka ƙera garemani masu kaifin da ba ya dakushewa. Cikin damina biyu manoma suka daina tsayawa a rumfar Mikaila, sai dai su ɗaga masa hannu daga nesa. Matarsa Zuleha ta yi ta magana har bakinta ya gaji. A rani na uku ya haƙura, ya bar murhun tama ya huce, ya karɓi sifirin goma a hannun Yusif direba.

Yusif ya tsaya kallon aiki. Da ya ga tsohon ya ciro jan ƙarfe zai tsoma a kwatarniyar ruwa, sai ya ce, "Baba, wannan ƙarfe ba ya son ruwa. A Yendi man kaɗe suke sa."

Mikaila ya yi dariya, ya ce shi ƙarfe yake ƙerawa, ba ƙosai yake soyawa ba. A ruwa ubansa ya tsoma ƙarfe, a ruwa kakansa ya tsoma. Garma arba'in ya fitar, baƙaƙe sumul, in ka ƙwanƙwasa sai su yi ƙara kamar ƙararrawa. Manoma suka dawo, suka kwashe su tas. Ni da nake maƙwabcinsa ban taɓa ganin tsoho yana murna haka ba, tunawa da ita ma ciwo take yi mini.

Ruwan shuka ya sauka ranar Laraba. Ƙasar Bawku tsakuwa ce. Kafin azahar garmar farko ta dare gida biyu kamar tsohon kasko, kafin Juma'a saura huɗu. Babu wanda ya zage shi, da ma zagin ne da ya fi sauƙi. Kowa ya zo ya ajiye guntayensa a bakin rumfa, ya gaishe shi da ladabi, ya wuce neman aron garma.

Ya ce wa Zuleha zai koma ƙarfensa na gado. Ya tafi bayan gari inda murhun yake, ya tarar ruwa ya zubar da shi, tun da bana bai rufa masa ciyawa ba. Aruna, tsohon da ya san ramin tama mai kyau, an binne shi tun bara.

Ya dawo ya zauna gaban guntayen. Zuleha ta kawo masa ƙwarya cike da man kaɗe, ta ajiye kusa da kwatarniya.

"Mayar da shi," ya ce. "Ko garmar ta yi kyau, wa zai ɗauka?"