Ordinatar Ɗan Farin Inna Hinda

Layin da ke tafiya a fuskar ordinatar, wato kwamfuta, ya kai rabi ya sake cijewa. Na jira har ƙafata ta yi tsami, sai ta mutu da kanta ta tashi, ta rubuto mini da Faransanci wai maido da sistem bai yiwu ba. Na ja tsaki. Inna Hinda tana gefe a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce in bi ta a hankali, gaggawa aikin shaiɗan ce.

Ni ce Rahila, sakatariya a meri, ofishin magajin gari na Dungas, katanga ce kawai ta raba ɗakina da na Inna Hinda. A unguwarmu duk abin da ke da maɓalli ni ake kawo wa, ni kuma bakina bai iya cewa ban iya ba. Mijina ya yi magana a kan wannan hali har ya gaji. Ordinatar ta Mushe, wato Malam, Abdulwahabu ce, ɗan farin Inna, wanda ya koyar a lekol ɗin Kwaya har mota ta kaɗe shi a kan moto, babur ɗinsa, bara da kaka. Ƙanwarsa Fadi ce ta kira ni. Ta ce kuran, wutar lantarki, ya ɗauke ordinatar tana kunne, tun daga ranar ba ta wuce shafin farko, kuma Inna ta ce a gyara ta saboda 'ya'yan marigayin in sun isa karatu.

Babu abin da ban gwada ba. Na cire batir na danne maɓalli na mayar. Na ce ta koma yadda take kafin kuran ya ɗauke, ta ƙi. Na zaɓi gyaran da ke barin kayan mutum a ciki, nan ma ta cije. Kuma wallahi na san abin da ya kamata: a kwance ta, a ɗauki diski a kai wa Maina mai gyara a Magaria, ya kwashe abin da ke ciki tukuna. To amma damina ce, hanya duk taɓo, ga shi ba na son a ji cewa abu ya gagari Rahila. Kile, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa ordinatar, mai sabon sistem kuma tana cikin jakata tana yi mini raɗa.

Na ce, "Inna, in na wanke ta gaba ɗaya za ta tashi, amma duk abin da ke ciki zai tafi. Akwai abin da kike so a ciki?"

Hannunta ya tsaya a kan gyaɗar, sannan ya ci gaba.

"Ni? Me zan so a cikin kayan wancan? Tarkacen lekol ne."

Wancan take ce masa. Tunda ta haife shi ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. In ya shigo gaishe ta, kajinta take kallo tana amsawa. Ranar da aka kawo gawarsa ko ɗigon hawaye ba a gani ba, mata suka yi ta yaba kunyarta. Duk na san wannan. Ni ma uwata haka take yi wa babban yayanmu, kuma tun ina ƙarama na san in ta ce kada a ajiye masa tuwo, to a ajiye mai yawa. Amma na karɓi amsar Inna hannu biyu, don ita ce amsar da nake so. Na soka kile, na danna.

Kafin la'asar ordinatar ta tashi fes. Sai ga ni ina hura hanci, har da juya ta Inna ta gani. Ta sa mini albarka, ta cika mini gefen zane da gyaɗa. Na ce zan tafi da ita gida in ƙarasa saka mata 'yan abubuwa, ta ce to, amma kada ta daɗe. Ko wannan ma bai tashe ni daga barci ba.

A cikin satin Inna ta kwanta. Ciwon ƙirjinta ne na da ya taso, aka kai ta likita, aka dawo da ita da magunguna, jiki dai sai baya yake yi. Wata safiya ina shirin tafiya aiki Fadi ta shigo ta ce in ba ta ordinatar, Inna tana ta tambaya. Na yi dariya na ce yaushe Inna ta zama 'yar lekol. Fadi ta leƙa waje, ta rage murya, ta gaya mini abin da ita ma leƙe ta yi ta gani.

Ashe akwai wani bidiyo a ciki, na ranar raba kyaututtuka a Kwaya. Abdulwahabu yana kiran sunayen yara, wani ɗan tsito ya zo karɓa wandonsa na zamewa, shi kuma ya fashe da dariya har ya kasa ci gaba. Matarsa ce ta nuna wa Inna inda ake dannawa kafin ta koma gidansu bayan takaba. Tun daga nan, in gida ya watse, Inna takan shiga ɗaka ta kunna, ta juya masa baya, ta ɗauki aikin hannunta tana saurare. Ko ita kaɗai ba ta kallonsa.

Na ce wa Fadi saura kaɗan, ta ba ni zuwa gobe. Ban je aiki ba. Hanyar nan da na ƙi bi saboda taɓo, ita na bi a kan kabu-kabu, ordinatar a goye a bayana kamar jariri. Maina ya saurare ni har na gama, bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ya wuni yana tono da nasa kayan aikin. Abin da ya fito takardun jarrabawa ne da wasu hotuna da ke buɗewa rabi, sauran duk sabon sistem ɗina ya hau kai. Na kira matar marigayin, ta ce salularta ta da, wadda bidiyon ke ciki, ta faɗa ruwa tuni. Na kira daraktan lekol ɗin, ya ce shi dai ya tuna an ɗauka, amma da ordinatar Mushen aka kwashe.

Washegari da hantsi na shiga ɗakin Inna. Ta rame har zoben hannunta na yawo. Ta amsa gaisuwata da ƙyar, ta aiki Fadi ta dama mata kunu. Da muka rage mu biyu ta ce in ajiye abin nan a bayanta in kunna, wai ta ji ko gyaran ya yi. Sai ta mirgina a hankali ta fuskanci bango, ta gyara kallabinta.

Na kunna. Na tsaya da yatsa a kan maɓalli. Ƙarya ta zo har bakina, in ce batir ne, in ce sai gobe. Na dubi bayan nan nata da ke jira, na kasa.

"Inna, na goge. Babu komai a ciki. Na je har Magaria, bai dawo ba."

Ba ta juyo ba.

"Har da dariyar?"

"Har da ita, Inna. Ki yafe mini."

"Ai kin tambaye ni," in ji ta. "Ni na ce miki babu."

Da duka ta rufe ni da shi da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa ina kuka kamar yarinya, ita ce ma take cewa in yi shiru kada Fadi ta ji. Na kai hannu zan rufe ordinatar, ta ce in bar ta. Wai wannan ɗan hucin da ordinatar take yi, shi take fara ji kullum kafin a soma magana.

Kwana biyu ta ƙara. Kullum da safe sai in ɗauka in caja a gidana in mayar mata, Fadi ba ta sake tambayata komai ba, ni ma ban iya haɗa ido da ita ba. Ranar Laraba ina ɗaura kallabi zan fita na ji salati ta kan katanga. Allah ya jiƙan Inna Hinda, ya sa ta huta.

Ko da na shiga an riga an lulluɓe ta da zane. Mata sun fara cika tsakar gida, ana neman mai zuwa gaya wa liman. A ɗakin kuwa ba kowa sai ni da Fadi. Ordinatar tana nan a kan tabarma a buɗe, fuskarta shuɗiya ba komai a kai, tana ɗan hucinta. Fadi ta miƙa hannu, ta tsaya, ta janye. Muka zauna a gefe har batir ya ƙare da kansa.