Kwanon da Aka Shafa wa Fatiha

"Sallau! Sauko! Bangon gabas ya tsage!"

Da ƙyar muryar Malam Ishaq, hedimastan firamaren Tungar Gajere, ta keto rugugin ruwan. Sallau yana kan tsani rungume da zana, yana ƙoƙarin rufe kan katangar aji. Iska ta fizge zanar ta yi gonar gero da ita. Ya leƙa ƙasa. Tsaga ce tun daga taga har tushe, jan ruwan laka yana ɓulɓulowa ta cikinta kamar an yanka rago.

Azahar ce, amma gari ya yi baƙi ƙirin. Ɗakuna uku ne makarantar, ginin laka da aka shafe da siminti tun zamanin iyayensu, kuma yau ko falle ɗaya na kwano babu a kansu. Sallau, shugaban ƙungiyar iyayen yara, shi ya sa aka kwashe rufin. Da hannunsa ya zare ƙusar farko.

"Ku kawo tabarmi! Ku kawo buhunna!" ya ƙwala wa matan da ke rugowa daga cikin gari.

Ya san abin da ke biye da faɗuwar ginin nan. Ofishin ilimi zai ce a haɗe yaran da makarantar Garbadu, kuma tsakaninsu da Garbadu akwai dajin da ko manya ba sa ratsawa sai a ayari, saboda 'yan bindiga. Ba uban da zai tura ɗansa. Husna, 'yarsa da ke aji biyar, wadda take karanta masa takardar magani in ya dawo daga asibiti, karatunta ya ƙare ke nan.

Abin ya faro ne bayan kaka, a gindin tsamiyar makaranta. Rufin ya tsufa, yana yoyo kamar rariya. Malam Ishaq ya yi ta kai kuka ofishin ilimi a Mafara har babur ɗinsa ya san hanya shi kaɗai. Sallau ya kawo shawarar a kafa gidauniya, a gayyato masu hannu da shuni.

Mutum ɗaya ne ya ƙi. Bappa Dikko, tsohon Bafulatanin da ya baro Damaga da ragowar shanunsa ya kafa bukka a bakin gari, ya buga sandarsa a ƙasa.

"Makarantar wa ce? Ta gwamnati ce. Iyayenmu sun biya jangali, naku sun biya haraji, ku kun sha rana kun jefa ƙuri'a. In kuka rufe musu ɗaki yau, gobe alli ma ku za ku saya, jibi albashin malam."

"Bappa, in mun tsaya jiran gwamnati, ɗiyanmu za su yi gemu a aji ɗaya," in ji Sallau. Aka fashe da dariya.

"Yi dariya, Bahaushe. Kai dai ka ga babbar riga, sai gwiwarka ta yi sanyi."

"Kai kuma in ba saniya ce ta yi magana ba, ba ka yarda."

Aka watse da rinjayen Sallau. Maza suka kawo damman gero, mata suka fasa asusun ƙuli-ƙuli. Duk abin da aka tara ya tafi ga shinkafa da lemo da hayar rumfuna da lasifika, don ba a kiran babban mutum a zaunar da shi a rana. Babban mai ƙaddamarwa shi ne Alhaji Sadiƙ, ɗan kwangilar da fastocinsa suka cika hanyar Mafara zuwa Bakura. Baƙo irin wannan kuma ba ya komawa hannu biyu. Da aka rasa abin ba shi, Sallau ya shiga garkensa ya kwance Fari, ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu.

Taiba matarsa ta tsaya a bakin zaure.

"Malam, da sa guda za ka yi huɗa bana?"

"Abin da zai dawo ya fi shi, Taiba."

Ta shafa wuyan Fari ta koma ciki.

Ranar taron Alhaji Sadiƙ ya karɓi lasifika, ya nuna rufin da baki.

"Wanga ruɓaɓɓen kwano, kada in dawo in iske shi! Ku kwashe shi! Kwano, katako, ƙusa, kafinta, duk ni na ɗauka. Mota na tahe kahin ruwan fari!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Liman ya ɗaga hannu, aka shafa fatiha. A Tungar Gajere kuwa, abin da aka shafa wa fatiha ya riga ya tabbata. Da ita ake sayar da gona, da ita ake sasanta rikicin iyaka, ba wanda ke tambayar takarda.

Washegari samari suka yi gayya. Bappa Dikko ya zo ya tsaya a ƙarƙashin tsani.

"Sallau, ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Bari motar ta iso tukuna."

"Haba Bappa! Mutum ya hwaɗi magana gaban liman, an shafa. In na bar kwanon ga, na ce mishi maƙaryaci ke nan."

Aka kwashe rufin, aka sayar wa 'yan gwangwan, aka sallami masu rumfa.

Rani ya wuce, bazara ta shigo. Wayar Alhaji ta daina shiga. Sallau ya hau motar kasuwa ya tafi gidansa na Mafara, mai gadi ya ce Alhaji yana Abuja. Yana juyawa ya hangi fata a shanye a kan katangar gidan, fara fat, da baƙin tabo a kafaɗa. Ya san tabon. Bai gaya wa Taiba ba.

Shi ma Malam Ishaq ya dawo daga ofis da nasa labarin. An yi rabon gyaran makarantu na bana, an tsallake su. Jami'in ya ce masa, "Ai mun ji a rediyo wani bawan Allah ya rufe muku. Sai muka duba waɗanda ba su da kowa."

Ga shi yau ruwan fari ya zo, bai zo da wasa ba.

"Karɓi nan!"

Sallau ya waiwaya. Bappa Dikko ne jiƙe sharkaf, yana jan tamfal ta cikin taɓo. Sallau ya gane ta, ita ce rufin bukkar tsohon.

"Bappa, ɗakinka fa?"

"Ɗakina kara ne, ya saba. Kama bakin nan, kana tsaye kana kallona kamar sabon maraƙi!"

Suka ja tamfal ɗin kan katanga. Malam Ishaq ya hau tebur ya riƙe ɗaya gefen. Mata suna miƙo duwatsu a danne. Na ɗan lokaci ruwan ya koma zuba ta gefe, Sallau ya ji zuciyarsa ta ɗan sauka.

Sai tsanin ya motsa a ƙarƙashinsa. Ashe tushen ne ya jiƙe. Bangon ya yi wani nishi, ya kumbura a tsakiya.

"Sauko! Sauko, ɗan nan!" in ji Bappa Dikko.

Sallau bai saki ba. Ya manna ƙirjinsa da katangar, ya buɗe hannuwa, kamar zai iya tare ta. Bappa Dikko ya saƙala masa sanda a wuyan riga ya fizgo shi. Suka zube tare cikin laka. Bangon gabas ya kwanta a daidai inda tsanin yake, ya ja na kusa da shi, na kusa ya ja na tsakiya. Ba wani ƙara mai yawa. Laka ce ta koma inda ta fito.

Mata suka ɗauki salati. Malam Ishaq ya dira daga tebur ya zauna a taɓo, ya cire hularsa ya riƙe.

Da ruwa ya tsagaita, abin da ya rage a tsaye bango guda ne, mai allo. Rubutun safiya yana nan, rabinsa ya zuba ƙasa fari-fari. Husna ta zo da ɗankwalinta a jiƙe, ta tsaya kusa da ubanta, tana kallon ƙafar benci da ta leƙo daga cikin laka.

"Baba, gobe ina za mu zauna?"

Sallau ya kau da kai daga gare ta. Ya juya ga tsohon.

"Hwaɗi, Bappa. Ka ce ka gaya mini."

Bappa Dikko yana matse bakin rawaninsa.

"Mi zan hwaɗi? Jikata Rumaisa nan take zama, bakin taga. Ni na ce a jira gwamnati, kai ka ce a jira Alhaji. Duk jira muka yi." Ya tofar da laka. "Ƙasa ta jiƙa. In ka tashi huɗa, zo ka kama sa guda."

Washegari da hantsi gari ya fito tonon bencina. Iyaye suna ta zuwa ɗaya bayan ɗaya wajen Malam Ishaq, kowa da magana guda: ɗana ba zai ratsa dajin Garbadu ba. Sallau yana jin su, yana haƙa, bai ɗago ba.

Sai aka ji ƙugin mota.

Wata a-kori-kura ce ke kutsowa ta cikin taɓo, an lulluɓe bayanta da shuɗiyar leda. Wata mata ta ce, "Kwano ne! Wallahi kwano ne!" Sallau ya yar da fartanya. Ƙafafunsa suka ɗauke shi tun kafin ya yi shawara da su.

Wani saurayi da ba wanda ya taɓa gani ya fito, da baƙin tabarau da takalmi sau ciki. Ya dubi tarin lakar, ya ɗan yatsine fuska, ya yaye ledar. Allon ƙarfe ne guda ɗaya, sabo fil, da hoton Alhaji Sadiƙ yana murmushi. Husna ta matso ta karanta a hankali, yadda take karanta takardar magani: an sabunta wannan makaranta da taimakon Alhaji Sadiƙ.

"Wane ne Sallau a cikinku?" in ji baƙon.

"Ni ne."

"Madalla. Nuna mini inda za a kafa shi, inda hoto ba zai kamo wancan tarkacen ba. Alhaji na tahe ran Asabar da 'yan jarida, ya ce a shirya tarba ta fi ta wancan karon." Ya zare tabarau, ya leƙa ta kan kafaɗar Sallau, can wajen garken da sa guda ke tsaye a turke. "Kuma ya ce in tambaye ka, shin san nan da ka ba shi, ba shi da ɗan'uwa?"