Hannun da Ba Ya Rawa

Tun ranar da 'yarsu ta kawo na'urar wasan nan ta jona da talabijin, matar Injiniya ta tsani hannun. Hannu, wato abin nan mai maɓallai da ake riƙewa a tuƙa motar cikin allo. Ko a kan tebur aka ajiye shi, sai ya kama karkarwa kamar mai zazzaɓi. Ita tela ce, a wurinta duk injin da ke rawa haka, wata ƙusa ce ta kwance a cikinsa.

Ta dai haƙura da shi, don ta ga amfaninsa. Shekara ashirin da shida mijinta ya yi a tsakiyar injinan masaƙa, ya fito da laƙabin Injiniya, ya baro kunnuwansa a can. Shekara biyar ke nan ko bugun ƙofa ba ya ji. Abokai suka gaji da ɗaga murya suka ɗauke ƙafa, shi kuma ya koma zaman taga, ya wuni yana kallon titi. Tseren motar nan ne ya tashe shi daga wurin. Bayan abincin rana, tana kan keken ɗinki, takan jiyo shi yana dariya shi kaɗai.

Da maɓallin gudu ya mutu, ba ta jira kowa ba. Ta sa hannun a jaka ta nufi shagon kayan lantarki.

"Iri biyu ne, Mama," in ji mai shagon. "Wannan irin naku ne sak, shi kaɗai ya rage. Wannan kuma ya fi arha. Komai ɗaya, sai dai ba ya rawa."

"Ba ya rawa?"

"Ko kaɗan."

"To ai shi ne lafiyayyen. Ku dai 'yan kasuwa, mai ciwon kuma shi kuke tsauwala wa kuɗi?"

Ya buɗe baki zai yi bayani, wani ya kira shi daga ɗaya gefen shagon. Ta ɗauki mai arhar, ta bar masa tsohon a kwalin tarkace, ta dawo gida tana jin ta yi dabara biyu a tafiya ɗaya.

Injiniya ya karɓa da murna, ya kunna. Motarsa ta yi gudu, ta daki katanga. Ya dubi hannun, ya jijjiga shi, ya sake dakar katangar da gangan. Sai ya ajiye shi a hankali ya koma taga. Washegari ma can ya wuni.

A rana ta uku ta kasa haƙuri. Ta ɗauki allin ɗinki ta rubuta a kan ƙaramin allon da suke magana da shi: Sabo ne fa. Me ya yi maka?

Ya karanta, ya yi murmushin da bai yi mata daɗi ba.

"Kurma ne, irina," ya ce da muryarsa mai ƙarfi ta wanda ba ya jin kansa. "Wancan, in na hau tsakuwa ina ji. In mota ta goge ni ina ji. Da shi nake ji."

Kunya ta rufe ta. Mutumin da a masaƙa tafin hannu yake ɗora wa inji ya faɗi ciwonsa! Ita kanta a tafin ƙafa take sanin zare zai tsinke, kafin ya tsinke. Yaya aka yi ta manta ji ba a kunne kaɗai yake ba?

Ta koma shagon. Mai rawar an saye shi, tsohon ya bi motar tarkace, sabon kaya kuwa sai bayan mako shida. Ta fito tana tsoro, don ta san taga. Mako shida sun isa tagar ta riƙe shi ta ƙi saki.

Tana shiga gida ta rufe keken ɗinki, ta kunna talabijin, ta jawo shi daga taga ta danƙa masa hannun. Ta zauna dab da shi, ta ɗora tafinta a kafaɗarsa. Ya dube ta yana neman bayani, ta nuna masa talabijin da baki.

Motar ta daki katanga. Ta girgiza shi da ƙarfi.

"Kin makara," ya ce. "Kuma wannan ai girgizar ƙasa ce."

Karo na biyu ta riga motar, ya ce ta cika gaggawa. Ta ƙura wa titin tseren ido kamar mai bin layin ɗinki. Da tayoyin suka sauka kan tsakuwa, ta shiga kaɗa yatsunta a kan ƙashin kafaɗarsa, ƙanana-ƙanana, har motar ta hau kwalta, sannan ta tsaya cak.

Bai waiwayo ba. Ya ƙara gudu, ya sha kwana.

"Na ji," ya ce.

Shekara biyar rabon da ya ce mata haka. Hawaye ya rufe mata allon, katanga ta gaba ta wuce ba ta girgiza shi ba.