Allon Tuni na Malam Ɗalhatu

Ranar da aka tsinci Malam Ɗalhatu a kan hanyar Kibiya da takalmi ƙafa ɗaya, yana cewa Kahu za shi gaishe da wani amininsa da ya shekara goma sha biyu a ƙasa, ranar ce 'ya'yansa biyu suka zauna a zaurensa na Madachi suka yi maganar da suka daɗe suna kauce mata.

"Kano zan tafi da shi," in ji Sadisu, wanda shi ne babba. "Akwai ɗaki a gidana, ga asibiti kusa."

Hansatu ta san ɗakin. Taga ɗaya gare shi, ita ma bangon maƙwabta take kallo. Ta dubi mahaifinsu da ke zaune a kan buzunsa, a gurbin da ya shekara hamsin yana biya wa yaran garin karatu kafin ƙarfi ya ƙare. Tun rasuwar mahaifiyarsu Ramlatu shi kaɗai ne a gidan, sai Iya maƙwabciya da ke miƙo masa abinci.

"Yaya, in ka raba shi da zauren nan ka gama da shi."

"To a bar shi mota ta take shi a titi?"

"Mantuwa ce kawai. Hawan jinin ne, in yana shan magani a kan lokaci zai lafa. Ka ba ni zuwa kaka."

Sadisu ya juya makullin mota a yatsa. "Zuwa kaka," ya ce. "Amma wallahi in wani abu ya sake faruwa, ba shawara zan zo yi ba."

Hansatu malamar firamare ce a cikin garin Rano, kuma ta san abin da allo yake yi wa mai mantuwa. A ajinta akwai gefen allo da take rubuta masu shara da masu ɗebo ruwa, ba ta taɓa ɗaga murya a kan aikin ba. Sai dai Malam ba ya karanta boko. Don haka ta ɗauko ɗaya daga cikin tsofaffin allunan katako da ke jingine a kusurwa, ta jiƙa tawada, ta fiƙe alƙalami, ta zauna ta rubuta da ajami, layi-layi:

Bayan asuba, farar ƙwaya ɗaya. Ba tumaki dusa da ruwa. Karɓar koko daga Iya. Kada a wuce masallaci. Bayan magariba, jar ƙwaya ɗaya. Rufe ƙofar zaure.

Ta buga ƙusa a bango daidai inda idonsa ke sauka in ya idar da salla, ta rataye. Gwangwanin magani na wata biyu ta ajiye a alkukin bango kusa da gafakarsa.

Malam ya matso ya karanta, ya girgiza kai. "Uwata," haka yake kiranta don sunan mahaifiyarsa ta ci, "waɗannan baƙaƙen naki guragu ne. Wa ya koya miki rubutu?"

"Kai ne, Baba."

"Ƙarya kike min. Boko ce ta ɓata miki hannu."

Suka yi dariya, ta tafi da sanyin zuciya.

Asabar kaɗai take samun zuwa, domin tun da aka fara maganar hana matan jihar hawa acaɓa mijinta ya ce ta riƙa jiran mota, motar Madachi kuwa sai ta ga dama. Asabar ta farko ta tarar da allon a ƙusarsa, amma rubutun ba nata ba ne. Baƙaƙe ne miƙaƙƙu, wasulla ja, da Bisimilla a sama, irin hannun da ya rubuta Alƙur'ani sau biyu da ka. Ta bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Shida ne cif, ba ragi.

"Na gyara miki," in ji Malam. "Kada baƙo ya shigo ya ce nawa ne."

Daɗi ya kama ta har ta je wurin mai wayar kuɗi a tasha ta kira Sadisu ta faɗa masa. Daga ranar kuwa ba ta ƙara bin layukan da yatsa ba. Tana shigowa za ta hango allon cike da kyakkyawan rubutu, sai ta wuce wanki da shara. In ta ce, "Baba, kana shan maganin?" sai ya ce, "Duk abin da ke allo ina yi." Ba ta taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, don haka ba ta leƙa gwangwanin ba.

Damina ta yi nisa. Gero ya fitar da kai, 'yan siyasa suka manna hotuna a bangon zauren, ruwa ya wanke su. Malam bai sake ɓata ba. Sau ɗaya dai ya tambaye ta ko Ramlatu ta dawo daga unguwa, ta ce masa tana hanya, ta shiga ɗaki ta share hawaye. Wani zuwan kuma ta ga yana dafe ƙeya, ya ce rana ce.

Ranar wata Laraba tana tsakiyar darasi aka leƙo aka ce ana nemanta. Iya ce ta aiko: ta kawo koko da hantsi ta tarar da Malam kwance a bakin turken tumaki, kwanon dusa a kife, baki ya karkace.

A asibiti likita ya auna shi, ya cire abin awon daga kunne ya dubi Hansatu.

"Yaushe rabonsa da magani?"

"Kullum yana sha, likita. Safe da yamma."

"Malama, wannan jinin bai ga magani ba ya fi wata."

Da la'asar ta koma Madachi ɗauko masa kaya. Gwangwanin ta fara buɗewa. Yana nan kusan yadda ta kawo shi. Ta juya ta sauko da allon daga ƙusa, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta karanta.

Bisimilla. Ba tumaki dusa da ruwa. Duba allunan yara. Sayo wa Ramlatu kananzir. Zuwa Kahu gaisuwa ranar Alhamis. Raka Hansatu makaranta, tana tsoron karen gidan Shitu.

Karen gidan Shitu ya mutu tana 'yar aji uku.

Iya ta shigo tana jan ƙafa, ta tsaya a bayanta.

"Iya, yaushe ya canza rubutun nan?"

"Canzawa kuma? Ai kullum ne, 'yar nan. Da ya idar da asuba sai ya sauko da shi ya karanta da ƙarfi, ya wanke shi tas, ya jingine a rana. In ya bushe ya sake rubutawa. Ni na ɗauka ke kika ce ya riƙa yi."

"Daga ina yake kwafa?"

"Kwafa? Malam? Na taɓa ce masa ko a ajiye masa takarda ya riƙa dubawa, sai da ya kwana biyu bai amsa gaisuwata ba. Ya ce shi da ya rubuta izu sittin da ka, shi za a ba takarda a kan layi shida?"

Hansatu ta zauna a kan buzun. A nan ta yi karatu, a nan ta ji dokar sau ba adadi: allon da aka biya aka iya, wanke shi ake yi, a ɗora sabo. Ita da kanta ta sha ranƙwashi a kan barin tsohon karatu ya kwana. Ta zaɓi allon katako da tawada don shi ne abin da ya sani, ba ta tuna abin da ya saba yi da shi ba. Kowace safiya yana wanke rubutun ya koma ga kansa ya ɗebo, kan kuwa ya riƙe na da ya saki na yanzu. Wace rana farar ƙwaya ta fita daga allon, wace rana ja ta bi ta, ba wanda zai iya faɗa mata. Asabar shida tana wucewa ta gabansa da tsintsiya a hannu.

Bayan kwana tara aka sallame shi. Ɓarin dama ya tafi, harshe ya yi nauyi. Sadisu bai yi faɗa ba, bai ma tuna mata alkawarin ba, ita kuwa da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ya dai tsaya da mota a ƙofar gidan don a ɗauki buzu da gafaka. Tumakin, Iya za ta riƙe.

Malam na kujerar baya an tokare shi da matashi. Idonsa na kan zauren. Ya motsa baki, sauti ya fito, ba wanda ya gane. Hansatu ta sunkuya ta taga.

"Na'am, Baba?"

Ya sake gwadawa, yawu ya zubo ta gefen baki. Ta goge masa da bakin mayafinta.

"A sa allon a mota?" ta tambayi yayanta.

"Me zai yi da shi, Hansatu? Hannun da zai riƙe alƙalamin fa?"

Motar ta tashi ta bi ta tsakanin gonakin gero da aka fara yanka. Malam bai iya juya wuya ya waiwayo ba. Hansatu ta koma ciki da allon a hannu. Akwai ruwa a buta, ta dube shi, ta fasa. Ta mayar da allon kan ƙusa da rubutunsa, ta fito ta jawo ƙofar zauren ta rufe, ta kai wa Iya makullin.