Tarin Tonton Sufyanu

Duk wanda ya taɓa sayen taya a shagon Sufyanu, kusa da inda manyan motocin kudu suke lodi a Tamanrasset, ya san mutumin asalinsa mawaƙi ne. Ba sai an tambaye shi ba. Yana buga tayar da tafin hannu don a ji kaurinta, sai ya shiga ba da labarin yadda shi da abokansa biyu suka kafa ƙungiyar Zaratan Birni a Damagaram, lokacin da rap ya fara shigowa. Sun yi kaset ɗaya. Wani gidan rediyo ya taɓa sa waƙarsu, aka ɗauke wuta kafin a kai baitinsa. Wannan ɓangaren bai cika faɗa ba, matarsa Rakiyatu ce take ƙarasa wa baƙi.

Yanzu ya haura arba'in, tumbi ya fito, gemu ya fara furfura. Da la'asar samarin unguwa suke kafa fada a ƙofar shagonsa, magina da masu sa tayil da 'yan lodi, su ɗora shayi su kunna waƙa a salula. Tonton suke ce masa, wato kawu da Faransanci. Shi kuwa yana daga ciki a kan tsohuwar taya, duk waƙar da aka sa sai ya girgiza kai ya ce, "A zamaninmu wannan ko gwaji ba za a kira shi ba." Ba sa yi masa musu, kuma ya ɗauki shirun nasu a matsayin yarda.

Samarin suna da al'ada. In shekara ta zo ƙarshe sukan haɗa kuɗin akuya su tafi wani lambu a Outoul, can bayan gari, kowa ya kawo waƙar da ta fi kwanta masa a rai a shekarar, a saurara, a fid da gwana. Bara gardama ta yi zafi har biyu daga cikinsu suka daina gaisawa. Shi ya sa Ya'u, magini ɗan Maradi wanda shi ne babban fadar, ya leƙo shagon wata rana ya durƙusa.

"Tonton, bana kai muke so ka raba mu. Kai ne ka san abin daga tushe."

Sufyanu ya yi kamar yana nazari, alhali tun kafin Ya'u ya rufe baki ya amince a zuciyarsa. "To, zan duba in akwai lokaci," ya ce, a shagon da tun safe ba wanda ya shigo.

Ya'u ya zuba masa waƙoƙin a salula, ya yi masa bayani. Akwai na soyayya da rawa, su ake kira pop. Akwai rap. Sannan akwai na waɗanda ba su da kamfani ba su da ubangida, a ɗaki suke haɗa kiɗansu su sake shi a intanet.

Da ya sa abin ji a kunne, sai ya gane ya shiga uku. Masu pop ɗin muryarsu kamar daga cikin bututun ruwa take fitowa, kuma ya kasa bambance wannan da wancan. Masu rap, wasu suna gudu kamar an biyo su, wasu suna magana kamar yanzu aka tashe su daga barci, Hausa da Faransanci da Larabci duk a layi ɗaya. Ya ji wata kalma tana ta maimaituwa, ya yi zaton sunan gari ne, ashe takalmi ake nufi. Ta ɓangaren 'yan ɗaki akwai wata yarinya daga Agadas mai raɗa a kan gita. Yana jiran waƙar ta fara, sai ya ga ta ƙare. Rana ta biyu barci ya kwashe shi a tsakiyar sauraro, har wani mai saye ya zo ya tashe shi.

A gidansa akwai wadda za ta iya fid da shi. Luba, ƙanwar Rakiyatu, tana zaune tare da su. Kitso da lalle ne sana'arta, amma tana da wata tsohuwar kwamfuta da take haɗa kiɗa da ita in ba ta da aiki. Sufyanu ya daɗe yana kiran abin nata wasan danne-danne. Ya same ta a tsakar gida tana wanke kayan lalle, ya tsaya kamar wucewa yake.

"Ke Luba, cikin waƙoƙin nan na bana, ke wacce kika ga ta ɗan yi dama-dama? Ina so in gwada kunnenki ne."

Ta ɗago ta dube shi. "Yaya, kai ne alƙali. Mu 'yan danne-danne me muka sani?"

Ya juya ya fice. A hanyar shago dabara ta zo masa, kuma ta yi masa kyau ƙwarai. Ba zai zaɓi kowa ba. Zai tashi ya ce duk sun yi ƙoƙari amma ba su san rap ba, sannan ya nuna musu da bakinsa. Baitinsa na Zaratan Birni yana nan a kansa daram. Ya yi ta bitarsa a tsakanin tayoyi, yana motsa leɓe yana kaɗa hannu. Bai taɓa yin bitar da murya ba, don kada makwabta su ji a rasa abin mamaki.

Ranar Asabar suka cika motoci biyu, har da matan wasu daga cikinsu da Rakiyatu da Luba. Lambun na wani Buzu ne da Ya'u ya taɓa gina wa tankin ruwa. Sanyi yana cizo duk da rana ta fito tas, ruwa na gudu a kwalbati tsakanin fangalin albasa da karas. Aka shimfiɗa tabarmi, aka hura gawayi, aka ɗora nama. Sufyanu ya sa wata jar hula da ya tono daga ƙasan akwati. Rakiyatu ta kalle ta, ta kalle shi, ta ci gaba da yanka tumatir.

Aka fara sa waƙoƙi a sifika ɗaya bayan ɗaya. Kowa sai ya tashi ya kare tasa. Wani ya ce tasa ce ta raka shi duk watannin da ya yi yana aikin gini a Tazrouk ba iyali. Wani ya ce da tasa ya shawo kan yarinyar da zai aura. Sufyanu yana zaune ya harɗe hannu, yana gyaɗa kai a wuraren da yake zaton nan ne ake gyaɗawa.

Da aka gama sai duk suka juyo gare shi. Ya miƙe, ya gyara hular, ya yi jawabi a kan yadda waƙa ta lalace, da yadda su a da saƙo suke isarwa. Sannan ya ce wa Luba ta sa masa kiɗa kowane iri, shi ba ya zaɓe. Ta sa wani mai nauyi daga salularta. Ya karɓi ludayin miya a matsayin makirufo.

Gaskiya farkon ya yi kyau. Muryar ta fito da kauri, ta hau kiɗan daidai:

"Daga Birni muka taso, rana ta san fuskarmu,
ba mu jin tsoron kowa..."

Samarin suka gyara zama. Ya ga Ya'u ya buɗe baki. Daɗi ya ɗebe shi, ya ƙara sauri, ya manta cewa wanda ya rubuta baitin nan saurayi ne ɗan shekara ashirin mai buga ƙwallo kullum. A layi na huɗu numfashi ya ƙare. Ya buɗe baki ya ja iska da ƙarfi, daidai lokacin da iskar ta juyo da hayaƙin nama da yaji ta cusa masa a maƙogwaro.

Tarin ya zo da tsari: gajeru biyu, sai dogo mai fito a ƙarshe. Ya ɗaga hannu alamar a dakata, ya koma kan "ba mu jin tsoron kowa", tarin ya sake kama shi, gajeru biyu da dogo, kuma abin takaici a kan kiɗan yake faɗawa. Hular ta faɗi cikin kwalbati, ruwa ya tafi da ita wajen albasa. Ba wanda ya yi dariya a fili. Wasu sun sunkuyar da kai, wani ya tashi ya ce zai duba mota.

Rakiyatu ta kawo masa ruwa a kofi. "Sannu, Baban Salima. Zauna haka nan."

Ya zauna. Da Ya'u ya tambaye shi a hankali wace waƙa ce ta ci, sai ya ce da dasasshiyar murya ta yarinyar Agadas, don ita kaɗai yake iya tunawa. Ba a yi gardama ba. Ya'u ya ce ba su taɓa rabuwa lafiya irin na bana ba.

Ya yi kwanaki yana buɗe shago a makare yana rufewa kafin la'asar. Ya fara sakin jiki ke nan, wata safiya wani direban babbar mota, Buzu mai jin Hausa, ya tsaya neman taya, ya bar rediyon motarsa a kunne. Sufyanu yana durƙushe yana duba lambar tayar sai ya ji gita mai sanyi, da muryar mace tana rera wani abu a hankali. Ya san muryar. Kafin ya gama tuna inda ya san ta, sai ga tasa muryar da kauri: ba mu jin tsoron kowa. Sai gajeru biyu da dogo mai fito. Ganga ta shigo a kan tarin, tarin ya zama shi ne kiɗan.

"Wannan fa?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Ai ita ake yayi yanzu," in ji direban. "Jiya a garin In Gezzam, can kan iyaka, aka tura mini. An ce wani tsoho ne marar lafiya aka ɗauka a asibiti. Allah dai ya ba shi sauƙi."

"Amin," in ji Sufyanu.

Sai yanzu ya gane muryar macen, ta Luba ce. Ya kulle shago ya nufi gida, yana shirya maganganu masu zafi a hanya. Ya tarar da Luba tana yi wa wata kitso. Ya jira har matar ta tafi, abin da ya rage wa fushin nasa kaifi sosai. Da ya tuhume ta, Luba ba ta yi musu ba. Ta ce salularta tana ɗauka ne tun da ta sa kiɗan, da ta dawo ta saurara sai ta ji tarin yana da tsari, hannunta ya ƙi barinsa. Ya'u kaɗai ta tura wa.

"Ka yi haƙuri, Yaya. Ban zaci za ta fita ba. In ka ce in cire ta daga intanet yanzu zan cire, sai dai wadda ta shiga wayoyin mutane ba ni da iko da ita."

"Ba ni in ji irin ɓarnar da kika yi."

Ya zauna a bakin ƙofa da abin ji a kunne. Ya saurara har ƙarshe, ya mayar farko. Ya nemi abin kushewa ya rasa. Cikin duk waƙoƙin da Ya'u ya zuba masa, ba wadda ya fahimta daga farko har ƙarshe sai wannan, kuma ya lura ƙafarsa tana bin kiɗan ba da izininsa ba. Ya yi tunanin shekarun da ya yi yana jiran muryarsa ta wuce Damagaram. Ga ta ta wuce, har direbobi suna yi mata addu'ar samun sauƙi. Dariya ta kuɓuce masa, ya yi ta yi shi kaɗai har Rakiyatu ta leƙo daga madafa.

"Bar ta," ya ce wa Luba. "Amma za mu sake yin wata, a yi baitin gaba ɗaya yadda ya kamata. Mutane su san ba tari kaɗai na iya ba."

Samarin fada da suka ji Tonton ya huce, sai suka fito da abin da suke ɓoyewa: tun a mako na farko suka soke hukuncinsa, suka ba waƙar tarin kambin shekara, ba wanda ya ƙi.

Ranar Juma'a da hantsi Luba ta rataya barguna a bangon ɗakinta don kada ƙarar titi ta shigo. Suka ɗauki baitin layi-layi, yana hutawa a tsakani yana kurɓar ruwan ɗumi. Da ta haɗa ta kunna musu, Rakiyatu ta saurara da kyau ta ce, "Ya yi. Amma wancan ya fi." Sufyanu ya so ya yi gardama, sai dai shi ma abin da kunnensa ya gaya masa ke nan.

"To mu ƙara tarin a amshi," in ji Luba. "Yi mini sabo, mai tsabta."

Ya matso kusa da makirufo ya yi. Abin da ya fito kamar gyaran murya ne na mai shirin yin sanarwa. Ya sake, ya fi na farko muni. Luba ta ce ya tuna hayaƙin, ya tuna, bai yi amfani ba. Rakiyatu ta ce su jira ta. Ta ɗora mai a wuta, ta watsa barkono a ciki, ta shigo da kaskon har tsakiyar ɗaki.

Luba ce ta fara, ta kife a kan kwamfutar tana tari. Rakiyatu ta ajiye kaskon ta fita da gudu, hawaye na zuba, ana jiyo nata tarin daga tsakar gida. Sufyanu yana zaune gaban makirufo, maƙogwaronsa sarai, yana jira abin ya zo. Da ya ga ba zai zo ba, ya tashi ya yaye bargon taga ya buɗe ta, ya ɗauki kaskon ya fitar, sannan ya ɗebo musu ruwa su biyun.