Ashana a Bakin Titi

Ashana muke kiran jikana, kuma ba don siranta ba. Ka ɗan goge shi kaɗan, ya kama. Kafin ya kai aji uku na sakandare an riga an sallame shi daga ƙwallo, saboda ya bi alƙalin wasa da gudu har bayan ajujuwa. Aka sa shi a ƙungiyar muhawara, wai ko bakin nasa zai yi amfani, ranar farko ya gaji da kawo hujja ya ci kwalar abokin hamayya. Aka mayar da shi lambun makaranta, inda babu kowa sai tumatir, nan ma sai da ya samu wanda za su yi dambe a kan bokiti.

Ni kuwa shagona na facin taya yana daidai tsallaken ƙofar makarantar, titi ne kawai tsakaninmu. Duk abin da yaron nan ya ɓaro, ni ake fara nunawa da baki.

Ubansa, ɗana na fari, mai walda ne, kuma mutum ne da ba ya maimaita magana. Ranar da aka kira shi kan zancen bokiti, ya biyo ta shagona ya tasa yaron a gaba.

"Baba, a gabanka zan faɗa don ka zama shaida. Aka sake kirana makarantar nan, ya gama boko. Ga garejina can yana jiransa."

"Ba a yanke hukunci da tsakar rana," na ce.

"Na riga na yanke."

Walda ba abin kunya ba ce, ita ke ciyar da gidansu. Amma ni da na bar aji tun ban gama haɗa baƙi ba, na san yadda ake ji idan aka miƙo maka takarda a cikin mutane ka hau laluben tabarau ɗin da ba ka da shi. Ban so yaron ya fita ba.

Ana haka shugabar makarantar ta yi abin da har yau ban san ko hikima ba ce ko gajiya. Makarantar haɗe take da ta ƙanana, kuma tun da aka gyara kwalta direbobi suka mayar da wurin filin tsere. Sai aka kafa 'yan sa-kai daga manyan ɗalibai, su riƙa ƙetarar da yara da safe da lokacin tashi. Aka ba su riga mai ƙyalli, da usur, da allon ƙarfe mai sanda an rubuta TSAYA a jiki. Cikin waɗanda aka ba har da Ashana.

Mai askin da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo da reza a hannu.

"Tsoho, ka ga wanda aka ba sanda kuwa? Ka tanadi bandeji."

"Aske kan da ke gabanka."

Amma gaskiyarsa. Makonnin farko kunnena bai huta ba. Ashana na busa usur idan mota ta zo, yana busawa idan ta wuce, yana busawa idan babu komai a titin sai leda. Direban da bai taka burki da wuri ba, sai ya ji allo a kan bonet. Har wani mai mota da ya juyo zai shigo shagona a ba tayarsa iska, yaron nan ya tare shi ya hau yi masa wa'azi, mutumin ya yi ribas ya tafi wurin wani.

"Kai, ɗan nema, abincin kakanka ka kora," na ce masa.

"Doka ce, Kaka."

"Dokar ta ce ka tsare mutum babu yaro ko ɗaya a titi?"

"Sai ya saba tun yanzu."

Kullum da ƙararrawar tashi ta buga sai in ajiye aiki in zuba ido, ina jiran ranar da wani zai fito daga mota su kama. Ita ce ranar da za a kira ubansa.

Abin da ya zo kuma ba ta nan ya zo ba. Wata rana ya ƙetarar da ayarin ƙanana, ya sauke allo, ya juya baya yana cacar baki da wani mai babur. Akwai wata 'yar mitsitsiya mai wushirya, jakarta ta fi ta girma, takalminta ɗaya ya zare a tsakiyar kwalta. Ta kai bakin titi lafiya, ta duba ƙafarta, ta juya ta koma, ga wata mota na tahowa a guje. Na yi shekaru ina jin kukan taya, na san wanda ke tsayawa da wanda ba ya tsayawa. Wannan ya tsaya, amma tsakaninta da bambar motar bai kai kamu ɗaya ba. Ita ko a jikinta. Ta ɗauki takalminta ta kaɗe ƙura.

Da aka watse Ashana ya shigo shago ya zauna a kan tsohuwar taya. Na miƙa masa ruwa. Can ya ce, "Kaka, me ya sa ta koma? Ba ta ga mota ba ne?"

"Ta gani. In ta je gida da takalmi ɗaya duka za ta sha. Mota kuwa ba ta taɓa dukanta ba."

Washegari ya miƙa usur da allon ga wata doguwar yarinya 'yar ajinsu, mai sanyin hali, irin wadda ko kaza ba ta kora da ƙarfi. Shi kuma ya durƙusa a bakin ƙofa yana duba ƙafafu. Duk yaron da zai ƙetara sai ya miƙo ƙafa an ja maɗauri, an ɗaure igiya. Mai riƙe da kwalbar ruwa ko fensir, a cusa masa a jaka a zuge, don kada wani abu ya faɗi a tsakiyar hanya. Sannan ya jera su, kowa ya kama igiyar jakar na gabansa, mafi ƙanƙanta biyu kuma ya riƙe su da hannunsa, ɗaya dama ɗaya hagu.

Na ɗauka zan huta. Ashe sauyin wahala na samu. Gam ɗin facina ya fara ƙarewa ba tare da na yi faci ba. Tsofaffin tiyub da nake tarawa suka koma zare-zare, wai maɗaurin silifas. Ka buɗe akwatin sifana ka tarar da takalmin jariri yana jiran gam ya bushe. Yaran suka mayar da gaban shagona wurin jira, wannan ya taka tiyon iska, wancan ya leƙa bahon ruwan da nake gwada tiyub yana neman kifi. Duk suna kiransa Yaya. Yaron da in ya kwana gidana yake watsar da takalmansa a ƙofar ɗaki har kakarsa ta yi tuntuɓe, shi ne yake durƙusa wa 'ya'yan mutane.

"A kawo maka nawa ma ka ɗaure?" na ce masa.

"Kai ai ko an ƙetarar da kai komawa za ka yi ɗauko hula."

Mai aski ya yi ta dariya har ya kusa yanke wa mutum kunne.

Zango ya kusa ƙarewa ba a kira kowa ba, har na fara sakin jiki. Sai ga wata motar kaya an labta mata buhuna, direban da alama ya makara. Doguwar yarinyar ta ɗaga allo, ya tsaya, amma ya ɗora hannu a kan hon bai ɗaga ba. Ashana ya shigo titi da layinsa, mai wushirya a dama, wani mai majina a hagu. Direban ya riƙa sakin burki kaɗan-kaɗan har bamba ta taɓa sandar allon. Sannan ya leƙo ya ɗura wa yaron ashar, ya haɗa da uwarsa, ya watsa masa ragowar ruwan da yake sha a fuska.

Na ga jijiyar wuyan Ashana ta miƙe. Na san wannan tsayuwar, ita ce ta kafin a kama kwala. Ya dubi direban, ya dubi hannunsa na dama, ya dubi na hagu. Ruwa na ɗiga daga haɓarsa, babu hannun da zai goge. Sai kawai ya ci gaba da tafiya. Ya kai su, ya dawo, ya ce wa mutumin, "Yi haƙuri, saura layi ɗaya."

To, ni ba a riƙe min hannu ba. Na zaro ɗan makullin bawul, wato bakin da ake ba taya iska, daga aljihu, na zagaya ta ɓangaren da madubinsa ba ya kallo, na kwance ƙwayar bawul ɗin tayar baya. Ƙarar hon ɗinsa ta rufe ƙarar iskar. Na dawo na zauna a bencina kamar mai jiran ciniki.

Abin da ban lissafa ba shi ne kayan da ke kan motar. Na yi zaton zai kai gaba kaɗan kafin tayar ta zauna. Ana sauke allo ya fizge ta, tayar ta murɗe, motar ta karkace ta tsaya a gicciye, daidai inda yara ke ƙetarawa. Nan da nan titi ya cushe. Masu babura suka fara hawa gefen hanya, ta inda sauran ƙanana ke tsaye, kuma duk wanda zai ƙetara ba ya ganin abin da ke tahowa ta bayan buhunan.

Ashana ya kora yaran duka cikin makaranta ya sa maigadi ya ja ƙofa. Ya tura doguwar yarinyar da allo can sama da motar, inda ake ganin hanya. Sannan ya zo ya tsaya a kaina.

"Kaka, kai ne?"

"Ƙusa ce. Titin nan cike yake da ƙusoshi."

"Ciro ƙusar daga aljihunka ka mayar."

"Mutumin nan uwarka ya zaga."

"Na ji, ai ni aka zaga. Yanzu ina da yara a kulle, iyayensu na jira. Tashi, don Allah."

Tiyon iskata ba ya kaiwa tsakiyar titi. Dole na ja jak, na shiga ƙarƙashin buhunan mutane da wannan bayan nawa, na kwance taya, na gangaro da ita shago, na ba ta iska, na mayar, duk a gaban jama'a, kuma kyauta. Mai aski, Allah ya saka masa, ya riga ya ba kowa labari har da ƙari. Direban bai tsaya ta kaina ba, ofishin shugaba ya wuce, ya ce ɗalibinsu ne ya turo kakansa.

Washegari da rana aka kira uban. Na gan shi ya sauka daga babur fuska kamar an aiko masa da mutuwa, na rufe shago na bi shi ba tare da an gayyace ni ba. A ofis Ashana na tsaye jikin bango, jakarsa a hannu, don uban ya riga ya ce ya tattaro littattafansa.

Shugabar ta ce, "Ba kan ɗanka na kira ka ba. Kan mahaifinka ne."

Ta kwashe komai ta faɗa masa, har da cewa yaron da kansa ya zo ya roƙi a yi wa kakansa magana, kuma zango mai zuwa shi take so ya jagoranci 'yan sa-kan. Ɗana ya juyo.

"Baba, haka aka yi?"

"An watsa wa ɗanka ruwa a fuska."

"Ya rama?"

"Da ya rama ai da ban tashi ba."

Ya murza hula. Sannan ya ce, "Ni dai na ce in aka sake kirana. An kuma kira ni."

Na ji kamar in ɗaga kujera. Na ce masa ni na yi laifi, ni za a cire daga makaranta in ana so. Na ce ko jaki ya san bambancin kira da kira. Shugabar ma ta sa baki. Shi dai kansa a ƙasa, na kuma san halinsa, ni na haife shi: yana neman hanyar sauka ne bai samu ba, kuma surutuna ƙara toshe ta yake yi.

Muna cikin haka ƙararrawa ta buga. Ashana ya ajiye jakar a ƙasa.

"Baba, yi haƙuri, ƙanana sun fito. In na ƙetarar da su sai mu tafi."

Bai jira izini ba ya fice. Muka biyo shi har bakin ƙofa. Uban ya tsaya ya harɗe hannu yana kallon ɗansa a durƙushe, ƙafafu na miƙo masa ɗaya bayan ɗaya, wata tana ba shi labarin haƙorinta da ya fita, wani yana jan kunnensa. Aka jera, aka ɗaga allo, aka wuce, aka dawo aka ɗauki wasu. Haka har layi na ƙarshe ya kai. Sai ya yafito doguwar yarinyar, ya karɓi allon, ya juya shi, ya girgiza sandar.

"Wa ya yi wannan waldar? Kwana kaɗan za ta ɓalle." Ya miƙa wa Ashana. "Ka taho min da shi gareji anjima. Da safe ka biyo ka ɗauka, kada ka makara wa yaran mutane."

Sannan ya juyo gare ni, a gaban shugaba, a gaban maigadi, a gaban mai askin da ya bar mutum da rabin kai ya ƙetaro.

"Kai kuma, Baba, in an buga ƙararrawa ka zauna a bencinka."

Shugabar ta ce ita ma roƙon da za ta yi ke nan. Na ce na ji. Na nufi shagona, na sa ƙafa a kwalta, doguwar yarinyar ta ce, "Kaka, dakata tukuna, mota na zuwa." Na tsaya, har sai da ta ce in wuce.