Maɓalli Ɗaya-Ɗaya

Abin ya daɗe yana ɗaure wa mai shagon kayan ɗinki kai. Tsohon telan nan dozin ɗin maɓalli yake saye, amma sai ya ce a buga masa ɗaya-ɗaya, rasit goma sha biyu.

Ran nan bayan ya fita, ta gwada da kanta. Ta buga dozin a kwamfuta, haraji ya hau. Ta buga ƙwaya ɗaya, sai ga sifiri. Harajin ya yi ƙanƙanta, manhajar ta watsar da shi.

Washegari ta tare shi. "Baba, ashe wayon da kake min ke nan?"

Ya gyara tabarau. "'Yar nan, jira nake in ga ranar da kwamfutarki za ta farga. Kin riga ta."